Ranar da Alhaji Barau Ya Hau Kekensa

Ranar Litinin, biyu ga watan Oktoba na 1972, na fara ganin Alhaji Barau, washegarin da aka kawo ni Magaria daga Damagaram in riƙe aikin kwamis, wato magatakarda, a biron kumandan mai mulkin yankin. Ina tsaye a bakin ƙofa sai ga wani ƙaton mutum cikin babbar riga shuɗiya yana turo keke. Ya tsaya, ya miƙo hannu, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa ma'aikata, ya ce, "Mushe, tun daga nesa na hango ka na sauka. Ni ba na wuce baƙo a kan keke." Na ji daɗi ƙwarai. Ya girme ni, ya fi ni dukiya, ga shi babban mai sayen gyaɗa, amma ya sauko domina. Ban ga saukar ba, sai na ɗauka idona ne bai kai ba.

Mutum ne da ya kamata a riƙa nuna wa yara. A ƙasarmu mai keke idan zai wuce babba sauka yake yi, ya gaishe shi, ya tura har ya ba shi baya, sannan ya hau. Alhaji Barau ya ɗauki wannan ladabi ya kai shi inda ba wanda ya taɓa kaiwa. Yana sauka don liman. Yana sauka don ladan. Yana sauka don tsohuwa mai ƙosai, da wanzami, da wanda bai sani ba don kada ya zama wani ne. Cikin shekara biyu, duk lokacin da na gamu da shi, saukarsa ke nan. Na tambayi gardin ƙofarmu, haifaffen Magaria, ko ya taɓa ganin Alhaji a kan sirdi. Ya yi tunani ya ce shi ma kullum rashin sa'a yake yi.

Keken kuwa abin kallo ne. Ƙararrawa biyu, madubi uku, tuntayen ulu ja da kore a kan hannuwa, takardar kanti har yanzu naɗe a jikin ƙarfe. Ƙananan tsinkayen robar nan da sabuwar taya ke zuwa da su ma ba su gama karyewa ba. Ƙwararre ne kaɗai ke iya riƙe keke haka.

Ƙwarewar kuma ba ya ɓoye ta. Da la'asar a rumfarsa, kusa da sikelin gyaɗa, yakan ba da labarin tseren da ya ci a Abijan yana saurayi. "Turawa ne suka sa mini Guguwa," in ji shi. "Na wuce su a kwana, hular ɗaya ta tashi. Da na iso, mai busa usur bai gama shan shayinsa ba. Shampiyo ba a koya masa, haifarsa ake yi." Babu ɗan Magaria da ke Abijan a wannan shekara. Wani lokaci tseren yakan koma Kwatano. Mu dai muka riƙe sunan, muna kiransa Guguwa, ko Alhaji Na-Sauka idan ya ba da baya.

Abu guda ya rage masa a duniya: kujerar shugaban kwamitin wasanni. Mai wannan kujera shi ke zama cikin inuwar rumfa, dab da kumandan, ranar bikin jamhuriya na sha takwas ga Disamba, sauran ƴan kasuwa suna tsaye a rana. Alhaji ya sha wannan rana, ya rantse ba zai ƙara ba.

A kakar 1974 kujerar ta zama babu kowa. A lokacin ne Madam Hinda, ungozomar ɗakin magani na Bande, ta zo biro da kuka. An yi damina mai kyau, amma yunwar bara ta bar mata masu shayarwa ba nono, kuma ba ta da hatsin da za ta dama musu kunu. Kumandan ya yi shawara a kira tsoffin zakarun tseren keke biyu daga Damagaram, a hau daga Magaria zuwa Bande ranar kasuwa, amalanken jaki na biye, duk wanda ya fito kallo ya zuba tiyar gero. Ni aka sa in rubuta abin da taron ya yanke.

Alhaji Barau ya miƙe, ya gyara hannun riga. "Ranka ya daɗe, a kira baƙi alhali Guguwa na gari? Ban hana ba, su zo su ƙaru. Amma aikin keke a ƙasar nan a hannuna ya kamata ya zama." A zatonsa shugaba mota yake shiga, ya riƙe usur. Kumandan ya ce madalla, Alhaji ne zai hau a gaba, kuma idan an iso Bande lafiya kujerar tasa ce. Na rubuta. Alhaji ya zauna a hankali. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce ya ga zai fi kyau ya ba da kamiyonsa, babbar motar kayansa, kyauta, ya bi ayari a ciki don lura. Kumandan ya gode, ya ce amalanke ya isa.

Baƙin suka iso. Maina ɗan siririn tsoho ne mai furfura, yanzu goro yake sayarwa. Illa dogo ne, ba ya son magana. Kekunansu tsofaffi, fenti ya goge, ko madubi babu. Alhaji ya dube su ya girgiza kai don tausayi.

Da hantsi aka busa usur. Guguwa ya kama hannun kekensa, ya ɗaga ƙafar dama, jama'a suka zuba ido. Sai ya hango liman. Ya mayar da ƙafa ƙasa, ya tura, ya gaishe shi. Maina da Illa, waɗanda har sun hau, suka diro, don ba a hawa alhali na gaba yana ƙasa. Mu ma ƴan rakiya muka sauka. Haka muka ratsa Magaria, kowa na tura nasa, makaɗa na biye suna ta neman kiɗan da ya dace da irin wannan gudu.

Bayan gari dattawa suka ƙare, aiki ya yi wa Alhaji yawa. Ya gaida masu ɗaurin dami. Ya gaida mata masu sussuka, ya tambayi lafiyar mazansu ɗaya-ɗaya. Ya hango wani Bafillace can tsakiyar gona, ya ratse ya same shi. Da muka zo maƙabarta fuskarsa ta yi haske, ya tsayar da mu aka yi addu'a mai tsawo. Inda babu kowa ko kaɗan, ya tuna bai yi sallar walha ba.

Maina ya matso ya ce, "Alhaji, ko za mu ɗan taɓa feda? Gwiwata ta saba da hawa, ba ta saba da tafiya ba."

"Maina, kai a Damagaram ka yi tsere, ni a Abijan. Can ba a hawa da wuri. Sai ka bari keke ya san hanya."

"To, Allah ya ƙara sani," in ji Maina. "Nawa dai ya san ta, ga shi har yana ja na."

A nan zan faɗi gaskiya don kada a ce na rage masa. Wannan tafiya ta yi wa Madam Hinda amfani. Da a guje muka wuce, da mutanen ƙauyuka ƙura kawai za su gani. Amma ayarin da ke tsayawa a kowace ƙofa, ba mai barinsa ya wuce hannu wofi. Mata suka riƙa fitowa da ƙwarya, maza da dami. Kafin mu hango Bande amalanke ya cika, an nemo na biyu. Alhaji ya lura. Gumi ya jiƙa rigarsa har gindi, ƙafarsa ta yi bororo, amma muryarsa ta dawo. "Kun gani? Dabara ce. Shampiyo da kai yake tsere, ba da ƙafa ba." Ni kaina na fara ganinsa cikin inuwar rumfa.

Sai dai labarinsa ya riga shi isa. Dattawan Bande sun ji cewa ga wani bawan Allah, zakaran Abijan, ya taho tun daga Magaria a ƙasa don girmama talakawa. Abin ya taɓa su. Suka fito bakin gari gaba ɗaya, kumandan na tsaye gefe da motarsa. Babbansu, Malam Harisu, tsoho mai sanda, ya tari Alhaji kafin ya buɗe baki.

"Ɗana, ka gaida ƙasa duka, yau mu za mu gaishe ka. Mun yafe maka sauka. Ba za ka shiga garinmu da ƙafa ba. Hau, ni zan riƙe maka."

Ya miƙa sandarsa ga wani, ya kama hannun keken da kansa, kamar yadda ake riƙe wa babban baƙo linzami. Wani dattijo ya dafa sirdi. Mata suka ɗauki guɗa.

Alhaji ya duba dama, ya duba hagu. Duk wanda zai iya gaisarwa yana nan tsaye, kuma ya yafe. Ya ce, "Baba, ina ni ina hawa a gabanku?" Malam Harisu ya ce, "Kada ka kunyata furfurata a gaban mutane." Mai ladabi kamar Alhaji dole ya bi umarni.

Ya hau. Dattawa huɗu suka taimaka. Suka tura shi da kyakkyawar niyya, suka saki.

Daga bakin garin zuwa kasuwa akwai ɗan gangare. Ban taɓa ganin tseren Abijan ba, amma ina shaida cewa a wannan gangare Guguwa ya cancanci sunansa. Ƙafafunsa a buɗe, feda na juyawa ita kaɗai, riga ta cika da iska. Maina ya bi shi da gudu yana ihu, "Birki, Alhaji! Kama birki!" Alhaji ya kama abin da ya saba kamawa, ya kaɗa ƙararrawa duka biyu. Ya wuce masu tukwane da ikon Allah. Ya wuce mahauta. Bakin rigar ya shiga sarƙa daidai rumfar masu daddawa, kuma a nan tseren ya ƙare.

Shi ne ya fara isa ɗakin magani, a kan amalanke, bisa geron. Madam Hinda ta duba shi ta ce targaɗe ne a gwiwa, sai ƙujewa, sai wari da sabulu zai fitar. Ta ce kada ya hau keke sai ya warke. Maina da Illa kuwa suka hau nasu, suka zaga kasuwa sau da yawa, Illa ya saki hannu biyu, yara suka yi ta sowa.

Geron ya ciyar da matan Bande har bazara. Kumandan ya ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, kujerar wasanni. Ranar sha takwas ga Disamba na ga Alhaji a cikin ƴan kasuwa, a rana, da sanda.

Yana nan Magaria har yanzu, yana sayen gyaɗa idan an samu. Gwiwar ta warke tun kafin sanyi ya wuce. Keken yana jingine a zaurensa, matarsa Amarya tana ɗaure akuya a jikinsa. Duk wanda ya tambaya, Alhaji yakan ce likita ce ta hana shi hawa, ba don haka ba da an gani. Madam Hinda ta gaya mini cewa a duk waɗanda ta yi wa magani a Bande, babu wanda ya riƙe umarninta kamar shi.