Abin da Ya Iso Damagaram

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan kawuna a Tirmini ba, ko da yake na sha ƙoƙarin mantawa. Shekarar fari ce. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, rumbuna wayam, samari sun watse cirani. Ni kuwa ina aiki a wani biro, wato ofis, a Damagaram da ke raba hatsin agaji. (Buga takardu kawai nake yi, amma a ƙauye an ɗauka makullin sito a aljihuna yake.)

A lokacin hankalina duk yana shagon abokina Kyari, inda muke wasan faɗa a talabijin, irin wanda ake haɗa dambe da kokawa da shuri a cikin keji. Mun daɗe muna jiran sabon faifansa.

An shafa fatiha, muna zaune a kan tabarma, dattawa na jajanta wa wani tsoho da fari ya sa ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe, sai wayata ta yi ƙara. Kyari ne. Na ɗan matsa gefe, amma muryata ba ta matsa ba.

"Ya iso? Alhamdu lillahi. Ka ce na bana ya fi na bara?"

Ya shiga zayyana mini, ni kuma ina maimaitawa kamar mai shela. An gyara matsalar nan ta ƙarfin mutum ya ƙare nan da nan. Yanzu ko mutum ya faɗi ƙasa akwai hanyar da zai tashi. Babu dogon jira kafin a fara, kuma an ƙara yawan mutanen da ke ciki. Na ce ya adana mana, gobe da safe za mu buɗe.

Da na juyo, na tarar kowa yana kallona. Kawu Isufu, uban ango, wanda tun safe ban ga haƙoransa ba, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, mu ma Tirmini muna ciki?"

Kafin in haɗa magana labari ya shiga cikin gida, na jiyo guɗa. Liman har ya ɗaga hannu. (Gaskiya na yi tunanin in bari a shafa, in nemi mota in ɓace.)

"Kawu, ba hatsi ba ne," na ce. "Wasa ne."

Ya tambayi wane irin wasa. Haka na tsaya gaban dattawan da suka kwana da yunwa ina bayanin yadda ƙattai biyu ke dukan juna a talabijin, mu kuma muna danna maɓalli. Wani ya so ya ji abin da aka gyara ɗin. Ni sakarai, na ce yanzu har gumin jikinsu ana gani, fuska tana kumbura kamar gaske. Tsohon da ya sayar da saniyarsa ya gyaɗa kai, ya ce da alama su dai suna samun abinci.

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Kawu ya saki hannuna a hankali, ya tashi da kansa ya shiga ya ce wa mata su bar guɗar. Duk da haka aka ajiye mini kwanon tuwo mafi girma, don ni ne baƙon birni.

Washegari na je wurin Kyari. Wasan ya yi kyau, ba ƙarya, sai dai in aka shaƙe ka har yanzu kuɓucewa da wuya. Duka Kyari ya yi mini son ransa, ban ko kare ba.

Tun daga ranar, in zan yi murna a cikin mutane, sai na fara ambaton sunan abin da nake murna da shi, a fili, kafin in kai ga Alhamdu lillahi.