Ranar da Na Nemo wa Malam Yohanna Mata

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, don ko yanzu na tuna sai gumi ya karyo mini.

Ni manomi ne a Toranke, sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gaya. Malamarmu, Malama Rahila, Kirista ce mai haƙuri (wadda ta jure koya mini rubuta sunana ai ta ga ƙarshen haƙuri). Da hannunmu ya fara faɗawa, sai ta ce kowa ya nemi wanda zai riƙa rubuta wa wasiƙa. Ni kuwa duk dangina in na ɗaga murya suna jina. Sai ta haɗa ni da yayanta Yohanna, wanda yake zaune can kudu a wani gidan addu'a yana rubuta littattafai. In na rubuta ta ɗauki hoto a waya ta tura masa, in amsa ta zo ta buga mini a takarda.

Abota ta ƙullu sosai. Ina ba shi labarin gero da gyaɗa, yana ba ni labarin ƙudan zumar da suke kiwo. Bai taɓa yi wa rubutuna dariya ba. Wata rana na rufe wasiƙa da cewa ina gaida iyali. Sai ya amsa: "Ba ni da mata, ba ni da 'ya'ya. Ko rigar jikina ba tawa ba ce, ta gidan ce."

Ranar tuwo bai shiga ba. Mutum mai ilimi haka, ya haura hamsin, babu ta hana shi aure, har riga sai aro! Ban tambayi ƙanwarsa ba, wai kar in tona asirin gidansu. (Ka ji wayo.)

Da aka ce zai zo ziyara har zai leƙo ajinmu, sai na tuna da Maman Ladi, telar da take yi wa iyalina ɗinki. Kirista ce ita ma, mijinta ya daɗe da rasuwa. Na hau babur na same ta a shago.

"Maman Ladi, in Allah ya kawo mutumin kirki fa?"

"Baban Sani, ɗauki ɗinkinka ka tafi, kar ka sa ni a bakin duniya."

"Malami ne, marubuci, addininku ɗaya. Ba shi da ko sisi dai, amma akwai hali."

Ta tsayar da keken ɗinki. "Shi ya aiko ka?"

A nan ya kamata in ce a'a. Ni kuwa na ce, "Kunya gare shi." Ko sunansa ban faɗa mata ba, wai ni mai riƙon sirri, sai dai na ce ta zo ajinmu ranar da zai iso.

Rana ta zo. Ga Malam Yohanna cikin doguwar riga mai ɗamarar igiya, muka yi musabaha kamar ba za mu saki juna ba. Ana cikin gaisawa sai ga Maman Ladi ta sauko daga adaidaita, cikin sabon leshi, da kular abinci a hannu. Malama Rahila ta ce, "A'a, Maman Ladi, kin zo gaida Buroda ne?"

(Ashe Buroda laƙabin masu irin wannan riga ne a cocinsu.) Na ga Maman Ladi ta dubi rigar, ta dube ni, idonta ya fito. Ni na ɗauka farin ciki ne. Na miƙe a gaban aji, na gyara hula, na gyara murya.

"Malam Yohanna, na karanta kukanka, kuma aboki ba ya ganin aboki a haka ya yi shiru. Ga mata na samo maka. Daga yau ka daina aron riga, ga tela har gida."

Malama Rahila ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta na rawa.

Maman Ladi ta dire kular a kan benci. "Baban Sani, wannan ne mijin? Mutumin da ya yi wa Allah alkawarin ba zai yi aure ba har ya mutu? Saboda shi na sa leshina?"

Na juya wurinsa. "Wai da gangan ne?"

Nan aji ya tarwatse da dariya. Wani dattijo daga baya ya ce, "Dillali, nawa ne la'adarka?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shi ma Malam Yohanna sai da ya share hawayen dariya. Sannan ya bayyana mini cewa irinsu a ɗariƙar Katolika su suke zaɓar zama haka, ba mata, ba dukiya, sai ibada da aiki. Ya russuna wa Maman Ladi ya ce, "Ki yafe masa, Mama, laifina ne, rabin zance na rubuta masa. Amma abincin nan dai ban yi alkawarin barinsa ba." Ya buɗe kula, aji duka aka wanke hannu. Sai a lokacin ta yi murmushi, amma ba da ni ba.

Abota ba ta lalace ba, har yau muna wasiƙa. Maman Ladi kuwa sai da matata ta raka ni ban haƙuri, na tsuguna a ƙofar shago kasuwa na kallo, kafin ta sake karɓar ɗinkinmu.

Tun daga ranar, in na ga mutum babu hula ba na saya masa, sai na fara tambayarsa ko da gangan ya baro ta a gida.