Dakta Baɗi da Haƙoran da Za Su Tsiro

Duk garin Elk Ferry babu wanda ya kai Dakta Merrill Ostby ilimi, kuma mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa da bakinsa. Likitan haƙori ne, ya daɗe yana cire wa mutane turame yana cike musu kogo, har ranar da ɗaukaka ta same shi. Wata jami'a a birni ce ke bincike kan ƙwayoyin asali, waɗanda ake samu a ɓargon haƙori, masu iya rikiɗa su zama ƙashi ko nama. Masu binciken suka roƙi likitocin ƙananan garuruwa su aiko musu da haƙoran da suka cire. Dakta Ostby ya aika da kwalba guda. Da aka buga sakamakon, cewa ɗan ƙashi ya tsiro a dasashin ɓeraye, sai ga sunansa can ƙasan shafin ƙarshe cikin waɗanda aka gode wa, tsakanin sunan wani direba da na kamfanin da ya ba da abincin ɓerayen.

Ya sa aka faɗaɗa wannan layin har ya kai tsawon hannu, aka saka a gilashi, ya rataye shi a inda hoton matarsa yake a da.

Daga ranar bai ƙara cewa "ni" ba, sai "mu masu bincike". Farar rigar aiki ta zama fatarsa; da ita yake zuwa shan mai, da ita yake kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Allon asibitinsa ma ya samu ƙarin girma, ya koma Cibiyar Farfaɗo da Haƙora ta Ostby. Cibiyar kujeru biyu ce da tankin kifi.

Kowace Juma'a da safe 'yan kasuwar garin kan haɗu a gidan abinci su ci ƙwai da fanke, su sha kofi, su zagi gwamnati. Dakta ya mai da wannan zaman aji. Sai ya ƙwanƙwasa kofi da cokali ya miƙe.

"Jama'a, haƙorin roba ya zama kayan tarihi. Cike kogo kuwa aikin magina ne. Mu masu bincike mun gano cewa bakin ɗan Adam gona ce, ba mutuwa ta yi ba, barci take. Baɗi war haka, wanda ya rasa haƙori allura ɗaya za mu yi masa, ya koma gida ya jira tsiro."

Duane mai sayar da taraktoci ya ɗago kai daga farantinsa. "Dakta, ai bara ma baɗi ka ce."

"Kimiyya ba ta bin kalandar manoma, Duane."

A nan sunan ya samo asali. Da labari ya kai masa cewa gari na kiransa Dakta Baɗi, sai ya yi murmushi ya ce dama an saba yi wa mutumin da ya riga zamaninsa laƙabi.

A gida ne kawai kimiyya ba ta samu karɓuwa ba. Matarsa Lorna ta buɗe firiza za ta ɗauko kifi, ta tarar da robobin yogot cike da haƙoran yaran da suka yi famfara.

"Merrill, haƙoran wa ne kusa da kifina?"

"Makomar bil Adama ce, Lorna."

"To makomar bil Adama ta koma gareji. Ina da baƙi ranar Lahadi."

Da abin ya tsaya a kan kifi da fanke, da babu wanda zai riƙe shi a rai. Amma akwai Darlene Kubiak, mai dafa abincin yara a makarantar firamare, wadda ke jan waƙa a coci tun kafin mijinta ya rasu. Dasashinta na jini, haƙoranta na gaba sun fara girgiɗi. Wani likita da ya riƙe asibitin lokacin da Dakta ya tafi hutu ya ce mata ta hanzarta wurin ƙwararren likitan dasashi, a kankare mata ƙasan haƙoran, a yi ɗan ƙaramin aiki, za a ceci mafi yawansu. Darlene na tsoron wuƙa. Ta jira Dakta ya dawo, ta zauna a kujerarsa tana murza jakarta.

"Dakta, kai ka san bakina tun ina amarya. In je?"

Ya san amsar. Ita aka koya masa a makaranta, kuma da a da ne da tuni ya kira mata ƙwararren a waya. Sai dai tura ta wurin ƙwararre na nufin akwai wani a sama da Cibiya. Ya dubi allonsa na gilashi, ya gyara wuyan riga.

"Darlene, ki bari su yanka ki ana gab da asubar sabon zamani? Mahauta ne masu takardar shaida. Ki riƙa kuskure baki da ruwan gishiri, ki ba mu lokaci. Ke ce za ki zama ta farko a jihar nan."

Ta fita da hawayen godiya, washegari ta aiko masa da kek.

Haƙorin farko a cikin tuffa ya maƙale. Na biyu yana kan matashi ta farka ta gan shi. Ta kawo su a hankici, ya ɗaga su a haske kamar mai duba zinare, ya ce, "Madalla. An share mana fili." Kafin bazara ta bar jan waƙa, domin iska na fita ta giɓin tana fito, yaran da ke layin gaba suna ƙunshe dariya. Da farko takan rufe baki da hannu in za ta yi dariya. Daga baya hannun ya huta, don dariyar ta daina zuwa.

Ana nan sai gidan rediyon garin ya gayyaci Dakta. Mai gabatarwa, don ya faranta masa, ya kira shugabar binciken a waya kai tsaye.

"Ostby?" in ji matar. "Ko cikin waɗanda suka aiko mana da haƙora ne? Mun gode ƙwarai. Game da mutane kuwa, da sauran tafiya mai nisa. Ina roƙon masu sauraro, kada kowa ya bar maganin da ke akwai yana jiranmu."

Dakta ya matso da baki kusa da makirufo. "Kun ji tawali'un manyan masana. A yarenmu na masu bincike, wannan na nufin mun kusa."

Darlene na feraye dankali a kicin ɗin makaranta lokacin da ta ji. Ta ajiye wuƙar, ta kashe rediyon. Ba ta ƙara taka Cibiyar ba, shi kuma bai lura ba, yana fama da shirya jawabai.

A wurin kallon hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, na 'yan sakandare abin ya same shi. Yana tsaka da bayyana wa na kusa da shi makomar ɗan Adam, ya watsa gugguru a baki, ya tauna ƙwayar da ba ta fashe ba. Ƙas. Da ya duba da madubi a ofis, turmin ya tsage har saiwa. Ga ruwan gishiri a gabansa, ga haƙuri da yake rabawa kyauta, amma bai kai ƙarshen mako ba. Ya ce wa ma'aikatansa zai halarci taron masana, ya tuɓe farar rigar, ya ja hula har gira, ya tuƙa mota zuwa birnin Fargo, inda yake da tabbacin babu wanda ya san fuskarsa.

Likitar da ya samu a can matashiya ce. Ta ce sai an cire, daga baya a dasa na ƙarfe, ta ƙara da wasa cewa wataƙila jikokinsu su ga zamanin da haƙori zai tsiro da kansa.

"'Yata, bar tatsuniya, ki cire," in ji shi. Kuma mutumin da ya yi shekaru yana ce wa yara allura cizon sauro ce, ya nemi a ba shi maganin barci tukuna.

Ya farka baki cike da auduga, leɓe ya saki, miyau na bin haɓa. Ma'aikaciyar jinya ta riƙo hannunsa zuwa ɗakin jira tana cewa ba za ta bar shi ya tuƙa mota a haka ba, wa zai mai da shi gida?

"Mu za mu kai shi," in ji wata murya mai ɗan fito.

Darlene ce. An zo auna mata haƙoran roba. Kusa da ita kuma jere suke, tsofaffin majinyatansa na Elk Ferry, kowa da giɓinsa, sun cika motar coci sun zo tare. Duane ne ya tuƙo su.

Dakta ya ɗaga yatsa zai yi bayani, audugar ta hana.

"Kada ka wahalar da kanka, Dakta," in ji Darlene, tana gyara masa hula. "Bangon nan ba shi da kauri. Mun ji komai."

Suka sa shi a kujerar tsakiya, suka ɗaura masa bel. Har motar ta shiga gari bai ce uffan ba, kuma duk wanda ke ciki ya yarda cewa tun da suka san shi, bai taɓa ba su shawara mai amfani kamar wannan shirun ba.