Ranar da Na Yi wa Inji Wanka da Toka

Ku matso ku ji. Wannan ba tatsuniya ba ce, da hannuna na aikata.

Ɗana Sule ya sayo sabuwar mota, mai tafiya kamar kwalekwale a kan ruwa. Ana nan ana nan, sai ta soma tari. Makanike, wanda muke ce wa fita, ya ce baƙin hayaƙi ne ya daskare a inji, wai kabon, don tafiyarta ba ta wuce daga unguwarmu Moshi Zongo zuwa kasuwa. Ya ce a mai da ita kamfani, garanti na gyara kyauta bai ƙare ba.

Na ce a raina, baƙi dai? Ni da na tsufa ina goge gindin tukunya?

Ranar Juma'a maza suna masallaci, na dama toka da kanwa, na buɗe inda ake zuba mai, na ɗura da bismillah. Na zauna gindin mangwaro na lumshe ido. Ga inji can yana sheƙi kamar sabon kwano, ga manyan kamfani sun durƙusa suna gaishe ni.

Sule ya dawo ya murza makulli. Motar ta yi gurnani, ta yi shiru.

"Mma, me kika ba ta?"

"Wanka na yi mata, ɗan nan."

A kamfani suka leƙa, suka ce garanti ba ya ɗaukar toka.

Har yau, in babur ya mace a layinmu, sai in ji an ɗaga murya: "A kira Hajiya Fita, ta zo da kanwarta!"