Littafin da Na Kai wa Surukina

Shekarar da na ɗaura ɗamarar gyara Turancina, kullum sai na rubuta kalma biyar da ma'anarsu da jimlar misali a wani littafi. Dabarata, wadda na ishi abokan aiki da ita, ita ce sa sunan wanda na sani a kowace jimla don kalmar ta zauna.

Da littafin ya cika, na ɗauke shi har Ƙofar Durbi wurin surukina, tsohon malamin Turanci. Na durƙusa na ce, "Baba, a duba mini."

Ya sa tabarau yana buɗawa, ni kuwa ina jiran yabo. Sai ya tsaya a kan kalmar da ke nufin marowaci. Nan na tuna wanda na sa a misalin: shi ne, da cikakken sunansa, har da ramammen ragon layyarsa.

Ya ɗauki jan biro ya ba ni maki, ya ce, "Jimla ta yi daidai."

Matata sai da ta yi sati tana fushi. Shekara uku ke nan, duk na je gaisuwa sai ya ɗaga murya ya ce wa matarsa: "Hajiya, a ƙara masa nama, kada mu sake shiga littafi."