Muryar Mainasara a Jikin Bango

"Ba gajiya. Gajiyar dai ita ce ganin ka. Ina kaset ɗina, ɓarawo?"

Haka Inna Laraba ta amsa gaisuwar jikanta Zakiyyu, da ya shigo ɗakinta a Daura bayan la'asar, rungume da kwamfuta da ɗan majigi. Kwana tara ke nan da ya ɗauke mata kaset daga cikin adaka. Saƙo ne da marigayi mijinta Malam Mainasara ya aiko mata daga Kurmi, shekarar da ya kai shanu ya yi wata biyar. Yanzu kunnenta ya yi nauyi. Mutum sai ya ɗaga murya take ji, kaset kuwa ba ta jin komai sai shuuu. Duk da haka kowace Juma'a sai ta kunna shi, abin tausayi.

"Haba amarya!" Zakiyyu ya ce da ƙarfi. "Kishi ne ya kama ni. Ina raye kina sauraron wani?"

"Kai ne miji? Wancan da ƙafa ya kora shanu har Kurmi. Kai kuwa wuni kake kana tsattsagar allo kamar kaza."

"Ɗan hakin da ka raina! Wata uku ina koya wa allon nan ji. Na rubuta masa ƙa'ida: murya ta hau, haske ya buɗe; ta sauka, ya kwanta."

"Sannu boka. An koya wa ƙarfe ji, ni an bar ni da kurumta."

"Tsohuwar zuma, da ke ake magani. Ce wani abu mana."

Ya saki labule, ya haska bango.

"Ja'iri!" in ji ta.

Nan take bangon ya tsiro da jajayen tsinkaye, caa, har rufi.

"Kin gani? Ƙaya zalla. Ko na'ura ta san halinki."

"Ƙarya take, 'yar gidanku ce."

Ya yi dariya, ya danna. Ya riga ya kwashe muryar kaset ɗin ya zuba a kwamfuta. Jan haske ya soma numfashi a bango, a hankali. Inna ta ƙura ido.

"Wane ne wannan?"

"Wanda ya riga ni."

"Ja? Allah ya kiyaye! Malam bai taɓa sa ja ba. Shuɗi ne kayansa, mai ƙyallin bugu. Ko launin abokin takararka ba ka sani ba, sakarai."

Ya goge lamba ɗaya ya rubuta wata. Sai bangon ya rine, shuɗi ya malala kamar tafki da asuba, ɗige-ɗigen fari na tafe a cikinsa sannu sannu, kai ka ce garke ne ya nufo gida. Inna ta jawo mayafi ta rufe kai, yadda ta saba in Malam ya yi sallama. Ta haddace saƙon nan tun tuni.

"Nan gaisuwa ce," ta ce, tana bi da yatsa. "Nan yana tambayar damina. Ga tarinsa nan, ɗan tsinin can!"

Sai hasken ya tsuke ya zama ɗigo guda, yana rawa.

"Nan kaset ɗin ya lalace," in ji Zakiyyu. "Bari in yanke wurin."

"Kul! Ka taɓa, sai na karya maka yatsa. Ba lalacewa ba ce. Nan ne ya zo kiran sunana kunya ta kama shi, don a gaban abokan fatauci yake magana. Jira ka gani."

Ɗigon ya yi rawa, ya yi rawa, sai ya fashe. Furanni shuɗɗa suka cika bango, suka gangaro har kan tabarma da tafin hannunta.

"Ga ta nan," ta ce, hawaye na zuba. "Dariyarsa ce. Shekara shida rabona da ita."

"Gani ya kori ji ke nan, amarya. To, na zama miji?"

Ta laluba adaka, ta ciro hular Malam, ta kifa masa a ka. Ta sauko masa har gira.

"Ka zama, amma na biyu."

"Na biyun da ke da rai dai ai..."

"Rufe min baki, Malam na magana. Maido shi farko."