Yadda Na Haifi Makaranta Guda

Da aka kawo kwamfuta makarantarmu a Wudil, ni na bugi ƙirji na karɓi aikin shigar da bayanan ɗalibai. Ina koya wa malamai, na sa sunana a gurbin sunan uba don misali, na danna wani abu cikin isa.

Ranar raba sakamako, kowane yaro ya koma gida ni ne ubansa.

Washegari wani dattijo daga Lajawa ya zo da ɗansa, ya gaishe ni a mutunce, sannan ya ce, "Malam, uwarsa dai ta rantse ba ta san ka ba."

Har yau matata in na dawo sai ta ce, "Ya ka baro iyalin?"